Arhar harsashi da tsadar zabo

 Gaisuwa gare ku mutanen Tanut da Belbeji, da na Gangara da Olelewa da Falanko da Tanhiya, da duk wanda muryar nan ta iske shi a kwarin Tarka. Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu maharba, Allah ya ƙara girma. Shirinmu na yau a kan ɗurin harsashi ne, wato mutum ya tsinci kwanson da aka riga aka harba ya sake cika shi da albarushi da dalma da hannunsa, ko kuwa ya ɗura bindigar gargajiya ta baki da abin da ya harhaɗa a gida. Saurayin da farauta ta shiga ransa yakan fara tunani ta nan, domin harsashin kanti yana da tsada, samunsa ma sai an sha wuya. Ina da magana guda a kan wannan, ina kuma roƙon ku saurare ta har ƙarshe kafin ku yanke mata hukunci. Abin da ya yi ƙaranci a dajin Damargu nama ne, harsashi kuwa ko yaya ana samunsa. Wanda ya mai da hankalinsa ga rage kuɗin harbi ya kama maganin ciwon da ba shi ne ke damunsa ba, kuma arhar da ya samu za a biya ta da yatsunsa, ko da lafiyar ƴaƴansa, ko da zabin da ya kamata ya tarar baɗi.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin bindiga lokacin da aka ja kunama. Harsashin lamba 12, wanda aka fi sani a hannun mafarauta, kwanso ne na roba mai gindin ƙarfe. A tsakiyar gindin akwai ɗan makunni da ke ba da tartsatsi idan an doke shi, a gabansa albarushi, sai matoshi, sai ƙwayoyin dalma masu nauyin giram 28 zuwa 36 a galibi, sannan a naɗe bakin. Da tartsatsin ya taɓa albarushi, sai ya zama iska mai zafi nan take, kafin ƙiftawar ido, iskar kuma ba ta da mafita sai ta tura abin da ke gabanta. Hukumar ƙasashen da ke gwada bindigogi, wadda ake kira CIP, ta sa iyakar wannan matsi a bar 740 ga harsashin lamba 12 na yau da kullum. Tayar ƙaramar mota kuwa iskar cikinta bar 2 ce da ɗan ɗoriya. Kun ga ke nan ƙarfin da ke tashi a cikin bututun ya ninka na taya fiye da sau 300, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da taya ta fashe ya san abin da ake nufi. Yanzu ku tuna yadda maharbi yake riƙe bindiga: hannun hagu a ƙarƙashin bututu, kunci a manne da katako, ido bai fi taƙi ɗaya ba daga inda wutar ke tashi.

Albarushi iri biyu ne, rashin rarrabe su kuwa shi ya fi kowane kuskure haɗari. Akwai baƙin albarushi na kaka da kakanni, mai yawan hayaƙi, wanda ake aunawa da ɗan ma'aunin ƙaho ko na gwangwani. Akwai kuma na zamani marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884, shi ne kuma ke cikin harsasan kanti a yau. Na zamanin ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, abin da ke cikin harsashi ɗaya ma bai wuce giram ɗaya da rabi zuwa biyu ba a mafi yawan lokaci. Wannan ƙanƙantar ita ce tarkon. Idan dukan awon giram biyu ne, to ɗan ƙarin da ido ba zai gani ba a cikin murfin kwalba ya isa ya kai matsin inda ƙarfe ba zai jure ba. Ba kuma dukan albarushin zamani ne iri ɗaya ba: wani yana cin wuta da sauri, wani a hankali, wanda aka yi don harsashin bindigar yaƙi dabam, na farautar tsuntsu dabam, alhali a tafin hannu sukan yi kama da juna. Mutumin da ya farke harsasai iri-iri ya tara garinsu a kwalba ɗaya bai san abin da yake ɗurawa ba, ko da ya shekara arba'in yana harbi. Wanda kuma ya zuba albarushin zamani a bindigar da ake ɗurawa ta baki, da awon da ya saba yi wa baƙi, ya shirya wa kansa fashewa. Haka shi ma mai ƙara kan ashana don wai harbin ya yi kaifi.

Sai ita bindigar kanta. A ƙasashen Turai da yawa ba a sayar da bindiga sai ta bi ta gidan gwaji. Na Birmingham a Ingila yana aiki tun 1813, akwai irinsa a Saint-Étienne ta Faransa da Liège ta Beljiyam. A can ake ɗura wa kowace bindiga harsashin da ya fi na farauta ƙarfi, a harba ta daga nesa babu mutum a kusa, in ta jure a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Duk mai bindigar da ta bi ta gidan gwaji zai ga wannan hatimin idan ya cire bututun ya duba ƙarƙashinsa, tare da tsawon harsashin da aka yi ta dominsa: milimita 65, ko 70, ko 76. Dogon harsashi yakan shiga gajeren mazauni lafiya lau, bindigar ta rufu, amma idan an harba bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa, matsin sai ya haura. Maƙeranmu kuwa, Allah ya sa musu albarka, masu basira ne, su suka riƙe ƙasar nan da garma da hauya da takobi. Sai dai maƙeri ba shi da abin da zai ga cikin ƙarfe da shi. Bututun ruwa yana da ɗinki a tsawonsa, tsohon bututun mota yana da tsatsa da gajiyar da ba ta bayyana a waje. Bindiga takan yi harbi ɗari lafiya, tsagar tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan a ɓoye, ranar da za ta buɗe ba ta sallama. Ga kuma abin da ƙasarmu ke ƙarawa: bindiga ta kwana watanni a rataye a bango, zanzaro ya shiga bututun ya yi gininsa na laka ya toshe shi, ko maharbi ya yi rarrafe bakin bindiga ya debi rairayi bai lura ba. Toshewa kaɗan a gaba ta isa ta kumbura bututu ko ta tsaga shi, ko da harsashin na kanti ne.

Za a ce mini ai a ƙasashen da suka ci gaba ma mutane suna ɗura harsashinsu a gida. Gaskiya ne, kuma ya kamata mu dubi yadda suke yi, domin a nan ne hujjata ta fi ƙarfi. A Amurka akwai talo-talon daji, dangin wanda ake kiwo a gida, farautarsa kuma babban sha'ani ne a wajensu. Mai son ya ɗura wa kansa harsashin talo-talo yakan sayi injin matsi da sikeli mai auna abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba. Sannan ya nemi littafin awo, irin wanda kamfanonin albarushi kamar Hodgdon da Alliant ke fitarwa bayan sun gwada kowane haɗi a bututu mai na'urar auna matsi. Littafin yana faɗin irin kwanson, da irin makunnin, da irin matoshin, da sunan albarushin, da nauyin kowane abu, kuma ƙa'idarsu ta farko ita ce ba a musanya ko ɗaya da wani. Bayan ya ɗura, sai ya kafa babbar takarda a nisan mita 35 ko 40, ya harba, ya je ya ƙirga ramukan da suka faɗa a cikin da'ira, don ya san iyakar nisan da zai kashe tsuntsu nan take ba tare da ya raunata shi ya tsere ba. Duk wannan ɗawainiya kuwa saboda me? A jihohi da yawa doka ba ta yarda mutum ya kashe fiye da talo-talo ɗaya ko biyu ba a lokacin farautar shekara, kuma namiji kawai. Mutumin nan yana neman harbi ɗaya ne mai kyau. Wanda ya kwaikwayi ɗurinsa ya bar sikelinsa da littafinsa da iyakar da aka sa masa, bai kwaikwayi komai ba sai haɗarin.

Su ma ba da hankali suka fara ba. A farkon ƙarni na 20 sun kusa ƙarar da talo-talon dajinsu ta hanyar harbi ba ƙaƙƙautawa da sare dazuzzuka, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne bai fi 30,000 suka rage ba a wajen shekarun 1930. A 1937 majalisarsu ta zartar da dokar Pittman da Robertson, wadda ta ware harajin da ake ɗorawa a kan bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin ɗari, aka ce kuɗin na kula da namun daji ne kaɗai. Daga shekarun 1950 aka riƙa kama tsuntsayen da raga ana kai su inda suka ƙare, a 1973 kuma mafarautan da kansu suka kafa ƙungiyar kare talo-talon daji ta ƙasa. Zuwa farkon wannan ƙarni adadin ya kusa miliyan 7, ana samun su a kowace jiha ban da Alaska. Ku lura da abin da mafarautan can suka yarda da shi: harsashi ya ƙara tsada, kwanakin farauta su ragu, a sa wa kowa iyaka. Ta wannan hanya jikokinsu suka gaji farauta.

Mu dawo gida. Damargu ba ta kasance haka ba. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdul Karim, ya sauko daga Azbin ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa a Tagelel, ya kuma rubuta cewa filayen da ke tsakanin Azbin da Damargu mazaunin raƙumin dawa ne da warwaji. A ƙarshen ƙarni na 19 gashin jimina yana cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka daga nan zuwa Tarabulus, garuruwa irin su Jajiduna suka yi suna da fatake. Kyan gashin jiminar yankin nan ya kai har gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo tawaga a 1911, suka zo Kano suna sayen jiminu masu rai, suka koma da fiye da ɗari don gyara irin nasu. Yau yaron Tanut da ke son ganin jimina sai a kai shi Kelle, a gundumar Gure, inda ake kiwon ragowar a cikin shinge. Warwaji kuwa a shekarar 2000 aka ayyana cewa ya ƙare a dajin duniya baki ɗaya, sai a 2016 aka fara mayar da waɗanda aka haifa a tsare zuwa ƙasar Cadi. A wannan shekarar ta 2016 masu ƙidaya suka kewaya Tarmit da Tin Tumma ta sama da ta ƙasa suna neman adaks, farar dabbar saharar nan mai murɗaɗɗun ƙaho, guda 3 kacal suka gani. Abin da ya rage wa maharbin Damargu shi ne zabon daji da fakara da kurciya da zomo, da tuje jefi-jefi, da barewa in an yi nisa. Fari na 1973 da na 1984 yana da nasa laifin, faɗaɗa gonaki zuwa arewa ma haka. Amma fari yana zuwa yana wucewa, dabba kuma takan farfaɗo bayansa in an bar mata iri.

Zabo shi ne talo-talonmu, don haka bari mu tsaya a kansa. Da rani zabi kan tafi garke-garke, da ruwan farko ya sauka sai su rabu biyu-biyu, mace da namiji. Zabuwa takan tona ɗan rami a ƙarƙashin kargo ko cikin gamba ta saka ƙwai, sau da yawa shida zuwa goma sha biyu, ta kwanta a kansu kwana 26 zuwa 28. Ƴan tsakin da aka ƙyanƙyashe ba sa jure raɓa da sanyi, shaho da muzuru da dila kuma suna jiran rabonsu, saboda haka kaɗan ne ke kaiwa kaka. A ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 300 ba, damina gajeriya ce, wadda ta rasa sheƙarta a watan Yuli da wuya ta samu lokacin sake wata. Harbi ɗaya a wannan lokaci ya kashe uwa ya kashe sheƙa, haka kuma yaron da ya kwashe ƙwan ya kai kasuwa. Dabarar Amurkawa ta harbin namiji kawai ba za ta yi mana aiki ba, domin talo-talo namiji ɗaya yana bin mata da yawa kuma ana gane shi daga nesa, zabo kuwa mace da namiji kamarsu ɗaya, sai a kuka ake rarrabe su, namijin kuma yana taya rainon ƴaƴa. Abin da zai yi mana aiki shi ne a ajiye bindiga gaba ɗaya daga faɗuwar ruwa har a gama girbi. Tuje ma ya fi buƙatar haka, shi da ƙwai ɗaya ko biyu yake sakawa a shekara.

Na san amsar da ke zuwa, kuma ba na raina ta. Talaka zai ce: kai mai magana a rediyo, ka san farashin tiyar hatsi a watan Agusta? Lokacin da kake cewa a ajiye bindiga shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zabo ɗaya kuwa miyar kwana biyu ce. Wannan gaskiya ce, mutanen Damargu sun ga 2005 da idonsu, ba sa buƙatar a koya musu yunwa. Amma mu yi lissafin har ƙarshensa. Harsashin da aka ɗura da ka, yau ya yi ƙarfi gobe ya yi sanyi, ƙwayoyinsa wasu manya wasu ƙanana suna watsewa yadda suka ga dama. Irin wannan yakan raunata tsuntsu ya shige ƙaya ya mutu a can, ba a ci ba, ba a bar shi ya hayayyafa ba, sai a ƙara harbi na biyu da na uku. Idan kuwa bututu ya buɗe, hannun da ya tafi shi ne hannun noma, a tsakiyar damina, kuma daga ƙauyen bayan Tanut zuwa babban asibitin Damagaram tafiya ce ta fiye da kilomita 140. Kuɗin mota da na magani da gonar da ta kwana cikin ciyawa sun fi kuɗin harsasan shekara goma. Ga kuma zabon gida, wanda ƙasar nan ta dace da shi, wanda ƙwansa ke cika kasuwanni da damina: kaza ɗaya mai kwanci za ta ƙyanƙyashe wa mutum abin da ba zai samu a daji ba cikin wata guda.

Akwai wata ɓarnar da ba ta da ƙara, ita ce ta dalma. Mai ɗuri a gida yakan samo dalmarsa daga mataccen batirin mota, ya fasa shi, ya narka faranten a gwangwani a kan gawayi, sau da yawa a tsakar gida, a murhun da za a ɗora tukunya anjima. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327, ƙurarta da tokarta kuma suna sauka a rairayin da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, tana kawo ƙarancin jini, in ta yi yawa ta kawo farfaɗiya da mutuwa, mai ciki kuma tana miƙa ta ga abin da ke cikinta. A unguwar Ngagne Diaw ta Thiaroye, kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda sana'ar fasa batir a cikin unguwa. A Zamfara, a 2010, yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake dakawa a gidaje. Ba na cewa gwangwanin maharbi ɗaya ya kai wannan, amma guba ɗaya ce, hanyar shigarta jikin yaro kuma ɗaya ce. Ƙwayar da ta rage a nama ma tana narkewa kaɗan a miya mai tsami, don haka a yanke inda harsashi ya bi a binne shi, kada a jefa wa kare ko a bar wa angulu. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Danmak ta hana ƙwayar dalma a kowace farauta a 1996. Sai dai kada wani ya ji haka ya cusa ƙwayar baƙin ƙarfe ko gutsattsarin ƙusa a tsohuwar bindiga, domin ƙarfe ba ya lotsewa kamar dalma, yana iya kumbura siririn bututu.

Dattijo zai ce: mun gaji wannan sana'a, iyayenmu sun ɗura bindiga ba sikeli, kuma muna da tsarinmu. Baba, ba na jayayya da kai a kan abin da ka gada. Ina tunatar da kai ne cewa gadon ya fi ɗuri faɗi. Iyayen nan baƙin albarushi suka yi aiki da shi, a ƙafa suka yi farauta, da yawansu ma da kwari da baka, kuma suna da sarkin da ake jin maganarsa. Al'adar Hausa ta san rufe daji da buɗe shi, ga bikin buɗin daji nan ana yinsa har yau a Masalata kusa da Ƙonni, kuma ba a buɗe abin da ba a rufe ba. Maharbin kirki na da ba ya harbin dabba mai ciki ko mai shayarwa. Babur da fitila mai kashe ido da albarushin zamani ba sa cikin gadon. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma dattawan maharba ne suka fi kowa cancantar su faɗa wa samari haka, don su ne suka ga dajin lokacin da yake cike.

Hujja mafi nauyi ita ce ta adalci. Za a ce: wa ya ƙarar da barewa da tuje, mai bindigar maƙera ko masu jerin motoci? Kowa a arewacin jahar Damagaram ya ji labarin baƙi masu kuɗi daga ƙasashen Larabawa da suka riƙa zuwa da shaho da motoci da na'urar sanyaya nama, da kuma masu ɗauke da makaman yaƙi da ke harbi daga kan mota. Gandun Tarmit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 da faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000, a 2019 an sauya iyakarsa saboda haƙar man fetur na Agadem. Na yarda ɗari bisa ɗari cewa dokar da ke kama ƙaramin maharbi ta kau da kai daga babba ba za ta samu girmamawa ba, kuma bai kamata a yi shiru a kan haka ba. Amma wannan hujjar ta tsaya ga manyan namun nesa. Garken zabin da ke bayan ƙauyenku babu wani basarake da ya zo daga ƙetare dominsa, yana hannunku. Sannan maharban da ke da takarda, suke da ƙungiya, suka rufe dajinsu da kansu, su ne ke da bakin zuwa gaban prefe ko sarki su ce an ga motoci a wuri kaza ranar kaza. Wanda ke ɓoye kwalbar albarushi a ƙarƙashin gado ba ya iya kai ƙarar kowa, don yana tsoron a fara da shi.

Akwai kuma masu cewa a hana farauta kwata-kwata a huta. Nijar ta gwada. An rufe farauta a faɗin ƙasa a shekarun 1970, aka shafe fiye da shekara ashirin a haka, kuma a cikin waɗannan shekarun ne aka daina ganin warwaji, jiminun Azbin ma suka ƙare a farkon shekarun 1990. Hani a takarda, a ƙasa mai faɗin nan da ma'aikatan gandun daji ƙalilan, yana mayar da maharbi ɓarawo ne kawai, ya raba shi da hukuma. Dokar da ta biyo baya, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ta bi wata hanya: ta yarda da farauta da izini, a lokacin da aka buɗe, ta hana ta da dare, da kan mota ko babur, da wuta, da guba, da makamin yaƙi. Inda jama'a suka sa hannu kuwa an ga amfani. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, 49 suka rage a 1996, amma da mutanen ƙauyukan suka rungumi tsaronsu sai da suka haura 600, har a 2018 aka ɗauko 8 aka kawo gandun Gadabeji, can yamma da Belbeji. Dabbar da ke ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa ɗaya ta farfaɗo haka, balle zabuwa mai ƙwai goma.

To saurayin da ke son farauta, ta ina zai fara? Ya fara da ofishin ma'aikatan gandun daji na Tanut ko na Belbeji, ya tambayi takardar izinin farauta da ranar buɗewa da rufewa da jerin namun da aka hana taɓawa. Riƙe bindiga ma sai da takardarsa, kuma a halin tsaron da ake ciki, a tarar da mutum da garin albarushi da kwansuna ba takarda magana ce da ba za ta tsaya a kan zabo ba. Ya bi dattijon maharbi shekara guda yana koyon sawu da iska da kwanton ɓauna kafin ya saba bindiga. In ya samu bindiga mai hatimi, ya sa mata harsashin kanti daidai da tsawon da aka rubuta a jikinta, ya leƙa bututun ya ga haske kafin kowace fita, ya gwada ta a kan kwali don ya san iyakar nisanta. Harsasai su zauna a inuwa, nesa da murhu da hannun yara, domin zafin watan Afrilu a ɗakin kwano yana lalata albarushi. Idan ya ja kunama bindiga ta yi shiru, kada ya juyo bakinta ya duba, ya bar ta tana kallon ƙasa can gaba har minti ɗaya, don wuta takan makara. Mai bindigar baki kuma kada ya zuba albarushi kai tsaye daga gora, ko ya ɗura nan take bayan harbi, saboda garwashin da kan rage a ciki. In tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsabtataccen ƙyalle, kada a zaro ƙarfen da ya shige, kada a murza ido, kada a zuba toka ko baƙin mai, a nufi asibiti a kuma nemi allurar tetanus.

Aikin da ya fi wannan girma na sarakunan maharba ne da masu gari da ma'aikatan gandun daji, kuma lokacinsa bazara, kafin ruwa ya sauka. Su zauna su tsai da ranar ajiye bindiga da ranar ɗaukarta, su haɗa da hana kwasar ƙwan daji, a yi shela a kasuwar Tanut da ta Belbeji da ta Bakin Birji, makiyaya Fulani da Buzaye su ma a sa su a ciki, don su ne ke kwana a dajin. Ƙidaya ma ba ta gagari kowa ba. Da rani zabi suna zuwa ruwa safe da yamma a wuraren da kowa ya sani, ɗan makaranta ɗaya da littafi da alƙalami zai iya zama a bakin tafki ɗaya, a wata ɗaya, kowace shekara, ya rubuta garke nawa ya gani da yawan kowane garke. Bayan shekara uku ko huɗu ƙauyen zai ga da kansa ko zabinsa na ƙaruwa ko na raguwa, a kan haka kuma sai a tsai da yawan da kowane maharbi zai ɗauka da kaka.

A nan za mu dakata. Allah ya tsare mana hannuwa da idanu, ya ba mu damina mai albarka.